Ranar da Muryata Ta Riga Ni Isa Ƙauye

Edita, sallama gare ka da masu karatu. A lokacin da abin da zan faɗa ya faru, ni malamin firamare ne a Gwaram, saurayi ɗan shekara ashirin da bakwai, haifaffen Birnin Kudu, mai ɗaki ɗaya na haya da tsohon babur da waya. Allah ya ba ni murya, wannan ba cika baki ba ne. Ni ake miƙa wa lasifika ranar yaye ɗalibai, ni nake kwaikwayon masu karanta labarai a rediyo har abokan aiki su riƙe ciki don dariya. Abin da ban lura da shi ba shi ne yabon ya shiga kaina ya zauna daram. Idan na yi magana ba a ce madalla ba, sai in ji kamar an ci mini mutunci. Na rubuto ne don in sauke abin da ke raina, kuma ba zan ambaci sunan kowa ba, domin duk waɗanda abin ya shafa suna raye, kuma sun yi mini rufin asirin da ban cancanta ba.

Muna da wani guruf a waya, mu shida, duk tsofaffin 'yan aji ɗaya a sakandare. Da farko gaishe-gaishe ne kawai da turo katin ɗaurin aure, har ɗaya daga cikinmu, wani tela mai shago a Birnin Kudu, ya kawo wani wasa da ya ce ya ga ana yi a intanet. Wasan labari ne, amma ba irin wanda mutum ɗaya zai bayar saura su saurara ba. Shi tela shi ne mai jan labari. Zai ƙirƙiro gari da mutanensa da matsalarsa, mu kuma kowa ya ɗauki mutum ɗaya a cikin garin ya zama shi. Zai ce ga abin da ya faru, sannan ya tambaye ka me za ka yi. Ka faɗa, shi kuma ya gaya maka abin da ya biyo baya. Idan abin da ka ce za ka yi na sa'a ne, kamar tsallake kogi ko shawo kan wani mai taurin kai, sai ya watsa maɓallan riga huɗu a kan teburin keken ɗinkinsa, ya ɗauki hoto ya turo. Idan uku sun kwanta fuska sama ka yi nasara, idan ba haka ba ka sha ƙasa. Ba caca ba ce, babu abin da ake ci sai dariya. Tsakanin la'asar da magariba muke yi, kowa daga inda yake, ni daga Gwaram, wani daga tasha, wani daga bakin gona.

Telan nan ba shi da murya. Yana magana a hankali, yana ɗan in'ina, kuma sau da yawa kana jin ƙarar keke a bayan saƙonsa. Amma idan ya fara sai ka manta da duk wannan, domin ya san kowannenmu ciki da waje. Ya san wane ne mai kunya, sai ya aiko masa da wata tsohuwa a cikin labari ta tambaye shi hanya, dole ya buɗe baki. Ya san ni da son a gan ni, sai ya ba ni aikin mai shelar gari, in yi ihuna in gama in ba wasu wuri. A cikinmu akwai wani ɗan manoma daga Yalwan Damai, akwai kuma wani abokinmu ɗan makiyaya, wanda rugarsu take kusa da wani ƙauye tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Da aka zo rabon mutane sai tela ya juya su, ɗan manoma ya zama makiyayi, ɗan makiyaya ya zama mai gona. Mun sha dariya ranar da ɗan makiyaya ya yi ta masifa wai wani maraƙi ya ci masa wake, shi kuma ɗan manoma yana rantse-rantse cewa an toshe masa burtali, wato hanyar da shanu ke bi. Sai daga baya na gane ba don dariya kawai ya yi haka ba.

Akwai abu biyu da ba ya wasa da su. Ba a kiran sunan wani gari na gaske a cikin wasan, ƙasarmu sunanta Kogin Shuɗi, kuma babu ita a ko'ina. Sannan duk saƙon muryar da zai turo sai ya buɗe shi da "ga ta nan, ga ta nanku" ya rufe shi da "ƙurunƙus", kamar yadda kakanninmu mata suke yi mana tatsuniya, ko da saƙon na daƙiƙa goma ne. Ni abin haushi yake ba ni. Na sha tsokanarsa cewa gemai-gemai da mu yana mayar da mu 'yan yaye. Yakan yi dariya ya ce shi dai tela ne, bai saba sakin riga ba tare da ya kalmashe bakinta ba.

A kakar wata shekara, dawa ta nuna ana shirin yanka, aka ce za a yi wa mahaifiyar tela aikin ido a Kano, dole ya je ya zauna da ita kamar mako biyu. Ya ce kada wasa ya mutu, wani ya riƙe. Tun bai rufe baki ba na ce ni ne. Ya aiko mini da maɓallan nan huɗu a ƙulle cikin ƙyalle, ta hannun wani direban bas da shi ma yake cikin guruf ɗinmu, ya kuma tuna mini abubuwa biyun nan. Na ce masa ya je ya yi jinya, ya bar wa masu murya aikinsu.

Kwana uku na farko na yi abin da na ga dama. Maɓallan na jefa su a aljihun tebur, don a ganina babu dalilin da zai sa in bar sa'a ta lalata mini labarin da na riga na tsara. Saƙonnina suka yi tsawo, minti biyar, minti bakwai, ni kaɗai ina ta zuba. Idan wani ya ce zai yi kaza, sai in karkatar da shi ya dawo inda nake so. "Ga ta nan" kuwa tun ranar farko na yar da ita. Sannu a hankali guruf ya yi tsit. Sai in turo saƙo in ga alamar duk sun saurara, amma babu mai amsawa sai direba, shi ma da hoton babban yatsa. Maimakon in tambayi kaina me na ɓata, sai na yanke cewa labarin tela ne ya yi sanyi, yana bukatar wanda zai hura masa wuta.

Ranar da na yi ɓarnar, da aka tashi makaranta na koma ɗaki na rufe ƙofa da taga, na ce yau sai na girgiza su. Na ɗauki waya na yi shela da muryar mutumin da ya yiwo gudu, ina haki, ina sarƙewa. Na ce jama'a a fito, shanu sun afka wa gonar dawa sun cinye ta tas, mai gona ya je magana an rotse masa kai, ga shi can kwance. Da na saurara na ji abin ya yi kyau, sai dai Kogin Shuɗi ya yi mini kama da wasan yara a baki. Na goge na sake ɗauka, na sa sunan ƙauyen nan na gaske da ke kusa da rugar abokinmu, har na ƙara da cewa gonar da ke gefen tsamiya biyu ce, domin na taɓa wucewa ta wurin na ga tsamiyoyin. A raina tsokana ce, so nake abokinmu ya ji sunan wurinsu ya yi tsalle ya amsa. Babu buɗewa, babu rufewa, haka na tura. Nan da nan guruf ya farfaɗo, ana ta yabo, wani ya ce tsigar jikinsa ta tashi. Abokinmu ɗan makiyaya ne kaɗai bai ce komai ba, na ɗauka wayarsa ce babu caji. Ranar ko tafiyata sai da ta canza.

Washegari ranar kasuwar Gwaram ce. Da hantsi, yara sun fita tara, ina zaune a ofishin malamai sai wata malama abokiyar aiki ta shigo tana salati, ta ce mu ji abin da aka turo a guruf ɗin danginsu. Ta danna. Muryata ce. Ita ba ta gane ni ba saboda hakin da na sa, ta ce daga ƙauyen Unguwar Ya aka turo mata, kuma an ce mai gonar ma ya rasu. Daga baya na san yadda aka yi. Ɗan manoman nan na Yalwan Damai ne ya tura wa yayansa don ya ji iya murya irin ta abokinsa, bai yi masa bayani ba, yayan kuma ya ɗauka gaske ne ya tura gaba. Ba na ganin laifinsa. Ya sha tura saƙonnin tela waje, babu wanda ya taɓa ruɗewa, domin duk wanda ya ji "ga ta nan" ya san inda aka dosa.

Abin kunya, abin da na fara yi shi ne na goge saƙon daga guruf ɗinmu, kamar hakan zai dawo da shi daga wayoyin mutane. Har na yi tunanin in yi shiru tunda ba a gane muryar ba. Ina cikin wannan saƙar sai abokinmu ɗan makiyaya ya kira. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Ya ce yana kasuwa, mahaifinsa ya kira shi ya ce samarin ƙauye suna taruwa da gorori a ƙofar gidan mai unguwa, kuma rugarsu ce kaɗai a wannan yankin, babu wata da za a nufa. A gida daga tsoho sai mata da yara. Ya tambaye ni abu ɗaya, ko ya taɓa yi mini wani laifi ne.

Ban san wanda zan kira ba sai tela. Ya ɗauka yana barandar asibiti. Na zazzage masa komai ina kuka, ina jiran ya ce ai ya gaya mini. Bai ce ba. Sai ya tambaye ni, da irin muryar da yake mana tambaya a wasa, ina nake yanzu kuma me ke hannuna. Na ce ina makaranta, babur na waje. Ya ce in tsaya, ya shiga guruf. Cikin minti kaɗan ya raba wa kowa aikinsa kamar yadda yake raba mana a Kogin Shuɗi, sai dai yau babu maɓallai. Ɗan manoma ya kira yayansa, su bi duk inda saƙon ya bi ɗaya bayan ɗaya. Direba ya tsaya a tasha ya gaya wa duk motar da za ta bi hanyar cewa maganar ƙarya ce. Abokinmu kada ya taho gida da sanda, kada kuma ya kwaso 'yan uwansa daga kasuwa, ya kira mahaifinsa ya ce kowa ya zauna cikin ruga, kada a fito da shanu hanya. Ni ya bari a ƙarshe. Ya ce rubutu ba zai kamo murya ba, sabon saƙo ma cewa za a yi tsoro ne ya sa aka yi shi. Mutanen nan murya suka gaskata, saboda haka sai sun ga bakin da ta fito. In hau babur in je, in tsaya a gabansu in maimaita shelar da bakina. Na ce kashe ni za su yi. Ya ce mai yiwuwa in sha mari, amma idan ban je ba wani tsoho ne zai sha abin da ya fi mari, kuma shi bai yi wa kowa shela ba.

Na nemi izinin hedimasta na kama hanya. Dawa tana tsaye dama da hagu, kawunanta sun sunkuya. Na wuce tsamiyoyin nan biyu, gonar tana nan lafiya lau, ko kara ɗaya bai karye ba. A ƙofar gidan mai unguwa na tarar da taro. Dattawa sun riga sun aika an dubo gonar, mai ita ma yana zaune a wurin da kansa babu ko ƙwarzane, amma samari sun kafe cewa to wata gonar ake nufi, ai mutum ba zai yi haki irin wannan a banza ba. Wasu har sun fara zamewa ta bayan gari. Mai unguwa dattijo ne mai haƙuri, yana ta ba su baki, amma kana gani ka san riƙon ya kusa kuɓuce masa.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce Baba ni ne mai muryar. Bai gane ba. Na roƙi wani ya danna saƙon a wayarsa, aka yi tsit ana saurare. Da ya ƙare sai na miƙe na sake yin shelar daga farko, da hakin da sarƙewar da komai, a gaban mutanen da ke riƙe da gorori. Ban taɓa yin shela mai wuya irin wannan ba, kuma ita kaɗai ce ban so a yaba ba. Sai na shiga bayanin wasan, wanda ya fi shelar wuya, domin ban san yadda ake gaya wa mutumin da ya baro yankan dawarsa cewa ƙatti shida ne suke tatsuniya a waya ba. Marin da tela ya hango ya zo daga hannun wani saurayi, kuma ban ga laifinsa ba. Mai gonar ya tambaye ni me ya tsare mini da na rotse masa kai har na kashe shi, ga matarsa tun safe tana amsa wayar 'yan uwa masu kuka. Wani tsoho ya tambayi sana'ata, da na ce koyarwa sai ya girgiza kai ya ce Allah ya kyauta wa yaran. Amma ina kallo gorori suka fara sauka ƙasa ɗaya bayan ɗaya, aka aika a kira waɗanda suka zame. Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi ba sai ranar.

Mai unguwa ya ce ba a gama ba, sai na je ruga. Muka tafi a ƙafa, ni da shi da mai gonar da dattawa biyu. Abin da na gani a can shi ne har yau yake hana ni hura hanci. An ɗaure ƙore cikin raga, an naɗe tabarmi, an tara 'yan maruƙa wuri ɗaya, nonon da za a kai kasuwa yana ajiye rana tana dukansa. Mutanen da suka yi shekara da shekaru a wurin, waɗanda yaransu ke aji ɗaya da yaran ƙauyen, sun haɗa kaya saboda ni ina son a ce na iya murya. Mahaifin abokina ya saurari bayanin mai unguwa har ƙarshe. Ya dube ni ya ce ya san ni, na taɓa zuwa na sha fura a gidan nan. Sannan ya ce su ma suna tatsuniya, amma a wurinsu mai bayarwa yakan fara sanar da yara cewa tatsuniya ce, ko a boko an cire wannan ne. Na ce ba a cire ba Baba, ni na cire. Ya sa aka kwance ƙwarya ɗaya daga cikin kayan da aka ɗaure, aka dama fura aka kawo mana. Na sha ina hawaye, shi da mai gonar kuma suka shiga hirar ranar da za a gama yanka a saki shanu su ci kara.

Hedimasta ya yi mini faɗa, mahaifina ya fi shi, an kuma kai ni gaban dagaci na sake ba da haƙuri. Duk wannan bai dame ni ba kamar shirun abokina. Bai fita daga guruf ba, amma bai sake cewa uffan ba. Da tela ya dawo na kai masa maɓallansa har shago, na ce gara a rufe wasan. Ya ce ba ni na buɗe ba. Ya ci gaba da jan labari. Mai gonar Kogin Shuɗi kuwa, wato mutumin da abokina ya zama a cikin wasan, sai tela ya ce ya yi tafiya, kuma kullum sai ya aiki wani a cikinmu ya je ya dubo masa gonarsa. Ni ya fi aika. Mai shelar gari ya koma mai korar tsuntsaye a gonar wani, ban kuma yi gardama ba. Wajen wata biyu muna haka. Wata la'asar tela ya turo "ga ta nan, ga ta nanku", kafin kowa ya amsa sai ga saƙon abokina, ya ce ta zo mu ji ta, kuma yana son ya san wanda ya bar masa ƙofar gona a buɗe. Na ajiye wayar na yi ta hamdala, sannan na amsa cewa ni ne.

Na daɗe ina ɗauka mai jan labari nagari shi ne mai daɗin baki. Ashe shi ne wanda ya san mutanen da yake ja, ya san inda kowa ke da ciwo, ya bar su su yi nasu motsin, kuma bai manta cewa abin da aka faɗa a waya ba ya tsayawa a inda aka faɗe shi ba. Telan nan mai in'ina ya riƙe mu, ya riƙe ruga guda, daga barandar asibiti. Ni da muryata na kusa tayar da ita da saƙon da bai kai minti ɗaya ba. Ba a zubar da jinin kowa ba, kuma wannan rufin asirin Allah ne, ba wayona ba.

Saboda haka ina jan kunnen matasa masu irin wannan wasa, kada ku ba wa mutum riƙo don ya fi kowa surutu, kada kuma ku raina ɗan abin da ke nuna wa baƙo cewa wasa kuke yi. Sunan ƙauyen mutane ba kayan ado ba ne a labarinka, akwai masu kwana da tashi a cikinsa. Masu tura saƙo gaba kuma, don Allah ku riƙa tambayar wa ya faɗa kuma a ina ya tsaya ya gani, domin ni a ɗaki nake, ƙofa a rufe. Maɓallan suna nan wurin tela. Ya ce wata rana zai sake ba ni, na ce masa ba na sauri. Har yanzu idan na bi ta tsamiya biyu na hango hayaƙin rugar nan yana tashi daga inda ya saba tashi, sai na rage gudun babur na ce alhamdulillahi.